Tsawon Wayar Cikin Kwamfuta

Baba Murɗe ɗalibai ke kiransa, domin ba ya ganin wayoyi biyu a kan tebur ya ƙyale su, sai ya murɗe su kamar igiya. Shekara ashirin da takwas ya yi yana kula da ɗakin gwajin lantarki na sashenmu. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Waya in ta wage baki, duk gulmar da ke yawo a ɗaki sai ta kwasa."

Ni na zo da sabon salo. Darasina shi ne yadda na'ura ke dagula wa 'yar'uwarta aiki, kuma na mayar da shi cikin kwamfuta. Kowane ɗalibi da ma'auninsa a allon kwamfuta, babu fis ɗin da zai ƙone. Abin ya yi kyau, kaina kuwa ya kumbura.

Wata rana Baba ya leƙa allon ya ce, "Dakta, wannan wayar ta ciki, nawa ne tsawonta?"

"Baba, zane ne. Ko in kawo maka ka murɗe?"

Aji ya kwashe da dariya. Shi ma ya murmusa, ya koma kan kujerarsa ta bayan ƙofa. A watan aka nemi ra'ayina kan sabunta kwantiraginsa, na rubuta cewa ɗakin gwaji ba ya bukatar mutum yanzu. Layi biyu kacal. Ya tattara filaya da tabaraunsa ya tafi.

Ƙarshen shekara ɗalibai suka haɗa na'urorinsu na zahiri. A gaban masu jarrabawa, da an kunna fanka sai lambobin ma'auni su hau rawa. Wayoyi zaƙo-zaƙo, kowace ta kama gabanta, yadda suka gani a allona. Ashe tsawon da na raina, ban taɓa saka shi a lissafin ba.

Ina neman abin gyara na jawo durowa ta biyu a teburin Baba. Wayoyi arba'in a murɗe, an ɗaure da takarda: "Na ajin Dakta." Kunya ta rufe ni, har yau ba ta sake ni ba.

Na kira shi don in ba da haƙuri. Ina fara bayanin fankar ya katse ni.

"Ka duba durowa ta biyu, ɗana. Na san za ku bukata."

Na yi godiya, muka yi sallama. Bai san ni na rubuta takardar da ta raba shi da aikinsa ba, ni kuma ban faɗa ba.