Tsohon da Yake Barci Jingine da Buhun Gero

Har na bar aiki ba zan manta da wata Talata cikin damina ba, ranar da aka kawo mana wani tsohon malami daga Faru. Ya zame a bakin rijiya, ƙashin ƙugunsa ya karye. Ni ne mai sa barci a ɗakin tiyata na asibitinmu a Talata Mafara. Ranar gajiya ta yi mini katutu, har ƙafafuna sun fara neman takardar ritaya.

Ƙa'idarmu, kafin a sa wa tsoho barci sai an san ƙarfin zuciyarsa, domin maganin yana saukar da bugun jini. Mai lafiya yakan jure, mai raunin zuciya kuwa yana iya wucewa daga nan. Na'urar duba zuciya ta lalace, sai tambaya.

"Baba, kana haki?"

"Lahiya lau, ɗana."

"Ƙirji fa?"

"Sai godiya."

Da za ka tsinke masa hannu, godiyar zai yi, don a wurinsa kai ƙarar ciwo rashin godiyar Allah ne. 'Ya'yansa mazauna birni suka ce Baba ko mura bai sani ba. Na saurari ƙirjinsa, amma ruwa na dukan kwanon rufi kamar ana sussukar duk geron Bakura, ban ji komai sosai ba. Likitan ƙashi ya ce gobe da safe za a shiga.

Ina fita na ga matarsa, wata 'yar tsohuwa, tana jan buhun gero zuwa ɗakin maza.

"Inna, tuwo za ki tuƙa mana?"

"Kai dai ba ka rabo da wasa. Na Malam ne, shi jingina. Tun bara waccan bai kwanta ba, in ya kwanta numfashi ƙwace mai yakai."

Wasan ya fice daga bakina, don kasa numfashi a kwance alamar raunin zuciya ce. Da ruwa ya tsaya ni da likita muka sake sauraren ƙirjinsa, muka ji zuciyar tana huci kamar tsohon injin markaɗe. Muka soke aikin, muka tura shi babban asibiti inda likitan zuciya da na ƙashi suke tsayawa a kan mutum ɗaya. Babban ɗansa ya zazzage ni tas, wai tsoro ne da lalaci.

Can aka gano ƙofar jinin zuciyar ta tsuke. Suka buɗe ta, suka gyara ƙugun. Malam ya dawo yana dogara sanda. Ɗan kuwa har yau kau da kai yake yi in mun haɗu a kasuwa.

Ku yaran yanzu masu wannan aiki, ku ji: tsofaffinmu ba sa faɗin ciwo, 'ya'yan da ke sa hannu a takardar tiyata kuma ba su ke kwana da su ba. Ku nemi wadda take jin numfashinsa kullum. Galibi tana zaune a baranda, ba wanda ya tambaye ta komai.