Ban Kira Sunan Daso Ba

Ran Alhamis ne, sati na biyu da komawa lakol, wato makarantar boko. Na tashi da asuba, na yi salla, na dama kunu na sha a tsaye. Ƙarfe bakwai da kwata na ja ƙofar ɗakina. A hanya na wuce amalanke biyu ɗauke da damman gero, don kaka ta yi, kowa na gona. Dawa ce kaɗai ba a yanka ba. Tana nan tsaye bayan lakol, ta fi mutum tsawo. Masu cewa gabansu ya faɗi tun safe, su suka sani. Ni ciwon baya kawai nake ji, da haushin alli da ya kusa ƙare mini.

Ni malamar lakol ce, 'yar Agiye. Aiki ya kai ni wani ƙauye kudu da Gidan Rumji, ba nisa da iyaka. Ba zan faɗi sunan garin ba. A waccan shekara aka ba ni ajin farko, na sababbin shiga, yara arba'in da shida. Lakol ɗin na da ɗakuna biyu na siminti, manya ke ciki. Mu kuwa rumfar kara iyaye suka kafa mana, aka kewaye ta da zana. Ƙofa ɗaya, tabarmi a ƙasa, allo a kan ƙafafun katako, randar ruwa a gefensa.

Wanda bai taɓa riƙe sabon aji ba bai san gajiya ba. Wannan na kuka, wannan ya yi fitsari a zaune, wancan ya ji kukan jakinsu ya miƙe zai tafi gida. Da hutu an tara mu a Maradi an koya mana haƙƙin yara. Na dawo na jefar da bulalata a bayan ɗaki. Mushe Ilya, daraktanmu (Mushe muke ce wa malami namiji), ya yi mini dariya, ya ce sati guda ya ba ni in koma in ɗauko abata. Na ce masa mu zuba.

Satin farko ban koya musu ko harafi ɗaya ba. Na raba allo biyu, na yi zane tunda ba su iya karatu ba. A dama abin da ke nasu, a hagu abin da ke kansu. Da Hausa nake faɗa, suna maimaitawa. Kowane yaro na da suna, kuma da sunansa za a kira shi, ba "kai" ba, ba "ke mai majina" ba. Karatu na kowa ne, mace da namiji, ɗan gari da ɗan ruga. Ba mai dukan wani, har ni. In ka yi magana za a saurare ka. Babba ne zai tsare ka daga abin da zai cuce ka. Wannan na ƙarshe na zana shi da kaza da 'yan tsakinta, yara suka ce agwagwa ce.

A hagu abu uku ne kawai. Hannu a sama kafin magana. Ba a taɓa kayan wani. Ba a fita sai Madam ta kira sunanka. Dokar ƙarshen nan ni na ƙirƙiro ta, kuma ina ji da ita. In lokacin tashi ya yi, sai in buɗe rajista in kira su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ji sunansa ya miƙe ya fita a hankali. Ba turereniya, ba kuka, ga shi kowa na jin sunansa a bakin babba kullum. Har Mushe Ilya ya leƙo ya gani, ya gyaɗa kai.

Yara arba'in da biyar sun kama. Saura Daso.

Daso ɗiyar Buba ce, wani Bafulatani da ke zaune a gefen gari. Shekararta shida, siririya, Hausarta a karye amma tana ji sarai. Ni na je rugarsu da ƙafata, sau uku, kafin uban ya yarda. An kore masa shanu shekarar da ta gabata, 'yan awaki kaɗai suka rage. Ya ce shi bai san boko ba, abin da ya sani shi ne yarinya in tana gabansa yana ganinta. Na ce masa daga ƙarfe takwas har a tashi ta zama tawa, amana ce, in wani abu ya same ta ni za a tambaya. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Yarinyar nan ta kai ni bango. Ba ta da faɗa, ba ta da surutu, zama ne kawai ba ta iya ba. In juya in yi zane a allo, in waiwayo, wurinta wayam. Sau biyu na tsinto ta a bakin rijiya. Ran Laraba wasu 'yan ajin manya suka zo jikin zana suna ihu "a tashi, a tashi", don tsokana kawai. Daso ce ta fara fita, rabin aji ya bi ta. Na yi minti ashirin cikin rana ina tattaro 'ya'yan mutane.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna bulalar bayan ɗaki, wallahi na tuna ta. Amma na riga na yi alkawari gaban aji. Sai na durƙusa gabanta, na dafa kafaɗunta, na yi magana a hankali yadda aka koya mana. Na ce, "Daso, ko wa ya ce a fita, ko kowa ya fita ya bar ki ke kaɗai, ki zauna. Ki ɗaga hannu ki jira. Sai kin ji sunanki daga bakina." Na sa ta maimaita sau uku. Na canza mata wuri, na kai ta ƙuryar da ke bayan randa, inda ba ta ganin ƙofa. Ta dube ni ta ce to.

Ran Alhamis ɗin ko motsi ba ta yi ba. Ƙarfe tara na yabe ta gaban aji, na sa aka yi mata tafi. Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ina da agogon hannu, shi ya sa nake iya faɗin lokaci. Ƙarfe goma da minti ashirin, saura kaɗan a fita shan iska, na ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyar ba. Daga kudu ƙarar ke zuwa. Na ɗauka 'yan biki ne. Sai ƙarar ta rabu biyu, wani sashe ya yi wajen masallaci, wani ya nufo wajenmu. Harbin farko ya tashi kusa da rijiya. Guda ɗaya. Aka yi shiru kaɗan. Sannan aka sake shi ba tsayawa.

Mushe Ilya ya fito yana buga ƙarfen da ke rataye a bishiyar dogonyaro. "Ku fita! Ku shiga dawa!" Aji ya rikice. Yara suka yi ƙofa gaba ɗaya, suka toshe ta, na ƙasa na kuka. Ƙofar kuwa gari take kallo, wajen da harbin ke fitowa. Na ruga baya, na sa hannu biyu na yage zana. Kara ya tsaga mini tafin hannu, ban ji ba sai daga baya. Na dawo ina janyo su daga bakin ƙofa ina turawa ta ɓarakar. "Ta nan! Ku gudu! Kowa ya gudu!"

Abin da na ce ke nan. Na juya maganar nan a raina ya fi a ƙirga. Kowa na ce. Ban kira sunan kowa ba.

Na goya ɗaya daga cikin ƙananan, na kama hannun wani. Na waiwaya sau ɗaya. Ƙura ta cika rumfar, na ga tabarmi da takalma a warwatse. Ban dubi bayan randa ba.

Muka faɗa cikin dawa. Ganye na yankan fuska. A bayanmu wata murya na cewa, "Ku tsaya! Ku kwanta!" Ba mu tsaya ba. Harsashi na wucewa ta sama yana karya kara. Yarinyar da ke bayana ta cije ni a kafaɗa, ba ta sake ni ba sai da muka fita daga gonar. Ƙarfe sha ɗaya saura minti goma muka gangara cikin gulbi, inda ruwa ya janye ya bar rairayi. Na kwantar da su a ƙarƙashin gaɓa, na ce wanda ya yi tari ma sai na saɓa masa.

Daga nan muka ga hayaƙi. Baƙi mai nauyi daga cikin gari, na rumbuna. Sai wani fari ya tashi kusa, ya yi sama da sauri, ya mutu da sauri. Na san rumfarmu ce, kara ba ya daɗewa. Na tuna rajista da jakata. Har hamdala na yi, na ce gara da ba kowa a ciki.

Na ƙirga waɗanda ke tare da ni, yara ashirin da biyu, wasu ma ba 'yan ajina ba ne. Sauran sun bi yayyensu ko sun yi gida. Na ga babu Daso. Ko gezau ban yi ba. Na ce a raina wannan ai ba mai kamo ta a guje, yanzu haka tana ruga.

Ƙarfe sha biyu harbi ya lafa. Sai kukan shanu da awaki ana kora su kudu, da ƙarar babura na nisa. Ba mu koma ba. Muka haɗu da wasu mata da suka ɓuya a gaba, muka bi gulbin muka yi arewa. Rairayi ya yi zafi, yawancin yaran ba takalmi. Na yayyaga gyalena na ɗaure wa ƙananan ƙafa. Ƙarfe ɗaya da rabi wani manomi ya ba mu ruwan gorarsa, kowa ya jiƙa leɓe. Ba wanda ke kuka kuma, ƙarfin kukan ya ƙare. Ƙarfe uku muka hau kwalta. Wata motar hatsi ta tsaya ta kwashe mu. Da la'asar sakaliya muna Gidan Rumji, a filin wata lakol, cikin mutanen ƙauyuka uku.

Na roƙi takarda da biro. Na rubuta rajistar da ka, suna arba'in da shida, a jere yadda nake kiransu. Duk yaron da na gani, ko wani ya rantse mini ya gan shi da rai, sai in ja masa layi. Iyaye suka yi ta isowa, wasu a ƙafa, wasu a amalanke. Mushe Ilya ya iso an ɗaure masa cinya. Zuwa hantsin Jumma'a na ja layi arba'in da biyar.

A lokacin ne Buba ya shigo filin, matarsa na biye. Ya bi kawunan yara da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dube ni. Daso ba ta je ruga ba.

Na bi yaran ina tambaya. Sahabi, yaron da ke zama kusa da ita, yana cin ƙosai da wani ya ba shi. Bai ko daina tauna ba. Ya ce, "Madam, Daso na aji. Na ja ta, ta ƙiya. Hannunta na sama. Ta ce ba ki kira ta ba."

Na zauna a ƙasa.

Bayan sallar Jumma'a muka koma da sojoji. An riga an jera mamata a ƙofar masallaci, an lulluɓe su da zannuwa. Rumbuna sun zama toka, wasu na hayaƙi har lokacin. Ɗakunan siminti biyu na nan lafiya. Rumfarmu ta zama baƙin fili da guntayen ginshiƙai. Randa ta fashe. Daso na bayanta, daidai inda na ajiye ta ran Laraba. Wani soja ya duba, ya ce harsashi ne ya riga wuta, ba ta ji komai ba. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko tausayina ya ji. Maganarsa nake riƙe da ita har yau.

Aka binne ta da sauran kafin magariba. Na jira Buba ya zage ni. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandarsa. Ya tsaya gabana ya ce, "Malama, ta yi miki rashin ji?" Na ce a'a. Na ce ta fi kowa ji. Ya gyaɗa kai, ya juya, matarsa ta bi shi. Ban sake ganinsu ba.

An rufe lakol ɗin. Ni an maida ni wani gari wajen Gazawa, ajin farko dai, don ban iya wani aiki ba. Na gaji, amma ina zuwa. Duk shekara ina raba allo biyu. Ina zana kaza da 'yan tsakinta, in faɗi abin da take nufi da sauri in wuce. A hagu doka biyu ce yanzu. In an buga ƙarfe yarana sukan yi ƙofa kamar awaki, sabon darakta ya yi ta faɗa, ya ce ajina ba tsari. Nakan ce masa to, Mushe.

Takardar Gidan Rumji na cikin jakata, ta kusa rabewa a wurin ninki. Suna arba'in da shida, layi arba'in da biyar. Daso ce lamba ta tara a jerin.