Lambar Ƙawata a Hannun Wata

Kowa a gidanmu ya yi kuskure a kan maganar nan, kuma kowa da irin nasa kuskuren. Inna ta ce saurayi nake ɓoyewa. Goggona ta ce iska ce ta shafe ni, har ta aiko da turaren hayaƙi daga Malumfashi. 'Yan matan layinmu kuwa cewa suka yi girman kai ne, wai don na gama sakandare Hausa ta yi mini kaɗan. Babu ko ɗaya a ciki. Abin da idonsu ya gani gaskiya ne: ina tsayawa a bayan gida kusa da rumbu, waya a bakina, in zuba Turanci ni kaɗai, in yi shiru kamar mai sauraro, in sake ɗaukowa daga farko. Abin da ba su sani ba shi ne wadda nake yi wa maganar. Ƙawata ce, kuma ƙawata ta rasu tun tsakiyar damina.

Bayarabiya ce, Kirista, amma a Funtua aka haife ta, a ɗakin da ke bayan shagon robobin mahaifiyarta kusa da tasha. Tun ajin farko na sakandare benci ɗaya muke zama. In zagi ne da Hausa ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Yarbancinta kuwa, ita da bakinta ta ce in ta je garinsu dariya ake yi mata. Ina ce mata Bayarabiyar bogi, tana ce mini 'yar ƙauye.

Bayan mun gama makaranta sai muka ji wani kamfani da ke raba wa manoma taki da iri zai ɗauki 'yan mata masu amsa waya a ofishinsa. Manoman da Hausa za su riƙa kira, amma intabiyun da Turanci za a yi. Wani malami mai koyar da lesin ya ba mu tambayoyin gwaji, ya ce irinsu ake fara yi wa mutum don a ji bakinsa. Tambayoyin yara ne in ka gan su a rubuce. Sau nawa kike hira da ƙawayenki? Kin fi son hira ido da ido ko ta waya? A kan me kuka fi yin hira? Kin taɓa yin saɓani da ƙawarki?

Ni Turancina na takarda ne. Ba ni biro in ci jarrabawa, amma ka ce in buɗe baki sai harshena ya zama dutse. Ita nata a baki yake, don a cocinsu ma da shi ake yin rabin komai. Sai ta ce ita ce za ta zama mai tambaya. Ta ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya a saƙon murya, tana maƙe hanci kamar Baturiya, ta turo mini. Ni in ɗauki amsa in mayar mata. Gyaran kuma da Hausa yake zuwa.

"Ke 'yar ƙauye, wa ya biyo ki? An tambaye ki sau nawa kike hira da ƙawa, kin amsa kamar an kama ki da akuyar sata. Numfasa mana!"

"Ke kuma fa? Mura ce ta kama ki ko an toshe miki hanci da auduga?"

"Haka manya ke magana. Sake. Kuma ki daina cewa kullum kullum kawai, ki ba su labari. Ki ce musu kina da ƙawa kyakkyawa wadda ta fi ki hankali."

"Ai an hana ƙarya a intabiyu."

Haka muka yi ta yi. Sai kamfanin ya ɗage intabiyun zuwa bayan kaka. Sai zazzaɓi ya kama ta, aka ce taifot ne, aka kwantar da ita a asibiti. Na je na same ta tana mitar kunun da aka kawo mata ba sukari. Ban sake ganin ta ba. Kafin in gama fahimtar abin da aka faɗa mini, an sa ta a mota an yi kudu da ita, don al'adarsu ce gida ake mayar da mutum. Gida kuma a wurinsu shi ne garin nan da ake yi wa Yarbancinta dariya.

Inna ta ce, "Allah ya ba uwarta haƙuri," ta ci gaba da tankaɗe. Ba mugunta ba ce, ta yi mata hawaye da safe. Iyakar abin da ta san za ta ce ke nan. In namu ne ya rasu na san abin da ake faɗa, na san zaman makoki, na san inda aka kai shi ko da ƙafata ba za ta taka wurin ba. Ita ba wanda ya gaya mini abin da zan yi mata. Ni ma ban tambaya ba, don na san amsar da wasu za su ba ni, kuma na san halina.

Lambarta kaɗai ta rage mini. Wayarta a kashe take, ina jin a cikin kayanta aka rufe ta. In ka tura saƙo sai alama ɗaya ta fito a gefe, ma'ana ya bar hannunka amma bai isa ba. Da ya isa, biyu za su fito, in an saurara su zama shuɗi. Na fara ne da cewa intabiyu na nan tafe, dole in yi gwaji, kuma muryarta ce kaɗai ke da tambayoyin. In kunna, ta tambaye ni da hancinta a maƙe, in ɗauki amsa, in tura. Alama ɗaya.

Na haddace saƙonnin nan fiye da yadda na haddace amsoshina. Na san inda take jan numfashi. A bayan tambayar ido da ido ana jin Mama, mahaifiyarta, tana ciniki da wani a kan bokiti, tana cewa ko a kamfani ba a ba ta haka ba. A ta ƙarshe dariya ta kufce mata a tsakiyar Turancin, ta katse saƙon dariyar ba ta ƙare ba. Wannan ba na kunna shi in akwai mutum kusa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gyaran. In na yi sauri, tun ban kai ƙarshen magana ba nake jin "wa ya biyo ki", ba a kunne ba, amma da muryarta sak. Sai in tsaya in numfasa. Turancina ya gyaru a watannin nan fiye da duk shekarun makaranta, kuma ban san wa zan gode wa ba.

Malamin lesin ya saurare ni wata rana ya ce, "Madalla. Wannan ƙawar taki da kuke hira kullum, ko babu ita ki faɗa haka. Ba gaskiya suke nema ba, baki suke nema." Na ce masa, "Malam, akwai ta."

Wata rana hotonta ya ɓace daga saman hirar, wanda ta ɗaura gwaggwaro a wani biki ta zaro harshe. Na nuna wa mai cajin waya na bakin titi. Ya ce in layi ya daɗe a kashe kamfani na karɓe abinsa ya sayar wa wani. Na ce masa caji na kawo, ba wa'azi na zo ji ba.

Ranar da abin ya faru muna cirar auduga a gonar Baba ta hanyar Malumfashi. Rana ta take, mata suka zauna cin ɗumame, ni na koma gindin wata ɗorawa inda sabis ke kamawa. Na kunna tambayar farko, na amsa a tsanake, na ce ina da ƙawa, muna hira kullum, ta fi ni surutu. Na tura. Alama biyu suka fito. Ina kallo suka zama shuɗi.

Ni ba yarinya ba ce. Na san matacce ba ya kunna waya. Amma sai da na zauna a kan saiwa, kuma da na ga an rubuta ana ɗaukar murya a can ɗaya ɓangaren, wallahi jira nake in ji an ce na yi sauri.

Muryar babbar mace ce, da hayaniyar kasuwa a bayanta. "Salamu alaikum. Baiwar Allah, wace ce? Saƙonninki sun cika mini waya."

Na danna kira.

"Ina kika samu layin nan?"

"Ikon Allah. Ke ba a gaisuwa a gidanku?"

"Ina wuni, Hajiya. Ina kika samu layin nan?"

"Lafiya lau. Saya na yi a shago, aka ɗauki hotona da yatsuna. Ni a Danja nake, tumatir nake sayarwa. Da safen nan aka haɗa mini abin hirar, sai ga Turanci yana ta zubowa. Na kunna a rumfa, mata suka taru. Wata ta ce 'yan damfara ne, wata ta ce labaran rediyo ne suka ɓata hanya."

"Layin na ƙawata ne."

"To ai ta bar shi ya mutu, 'yar nan."

"Ita ce ta mutu."

Ina jin wani yana kiran kwando a bayanta. Sai ta yi salati, ta ce, "Allah ya jiƙan ta."

"Kirista ce."

"To. Allah ya fi mu sanin bayinsa. Ni dai na riga na faɗa."

Tun da ƙawata ta rasu ba wanda ya faɗa mini kalma irin wannan a kanta, sai matar da ban taɓa gani ba. Haushi ya kama ni, na ce, "Ki sayar mini da layin."

"Ba zai yiwu ba. Na riga na raba wa dillalai da direbobi. Kuma in kin saya ki yi yaya da shi? Ki tura da wannan hannun, ki buɗe da wancan, ki ji kanki?" Ta ce, "In kina so ki ci gaba da turowa, ba zan hana ki ba, ni ba jin Turanci nake ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ni in abu ya shigo sai na buɗe. Ina aka rufe ta?"

"Kudu. Garinsu."

"Kin je?"

"A'a."

"Uwarta na raye?"

"Tana nan Funtua."

"To," in ji ta. Sai ta ce in yi haƙuri ga mota ta iso, ta kashe.

Na koma cikin auduga na ci gaba da cira, don ba a barin layi rabi. Washegari na je bayan rumbu kamar kullum. Na kunna tambayar, ta tambaye ni, na ɗora yatsa zan ɗauki amsa, na kasa. Muryarta na nan a wayata, ba abin da ya taɓa ta. Amma yanzu in na yi magana, wata mata ce a rumfar tumatir za ta ji, da maƙwabtanta. A da saƙona yana tsayawa ne a hanya, ni kuma in ce a raina wurinta ya tsaya. Yanzu yana isa, kuma ba wurinta ba. Na yi amsar a iska ba tare da na ɗauka ba, na yi sauri da gangan, na jira. Ban ji gyaran ba. Kaji ne kawai ke tono a gindin rumbu.

Intabiyun zan je, Turancin ya zauna, wannan ba shi ne damuwata ba. Damuwata ita ce ba ni da inda zan fuskanta in ce nan take.

Mama tana zuwa garinsu duk ƙarshen shekara, lokacin Kirsimeti, ta rufe shago ta yi sati biyu. A nan bayan rumbu na yanke shawara. Zan je shagon in gaishe ta yadda ya kamata, in ce ta tafi da ni in ga wurin da idona. Kafin nan sai na tsaya gaban Baba na faɗa masa, da bakina, ba ta hanyar Inna ba. Na san a'a zai fara cewa. Zan bar shi ya ci tuwo tukuna.