Hatimin da Ya Fita daga Durowa

Aikina na farko bayan bautar ƙasa, in har za a kira shi aiki, a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa ne a unguwar Kachalla Sembe. Ɗaki ɗaya ne da baranda, sai sito a bayansa. Ni ne mai kula da kwamfuta, wato mai rubuta imel, domin kamfanin casar da ke sayen shanshera a hannunmu ba ya hulɗa sai ta imel, kuma saboda haka aka buɗe wa shugabannin rassanmu na karkara nasu a wayoyinsu. Kullum nakan hau keke daga unguwar Sarkin Dawaki, in riga kowa isowa, in goge tebur, in zauna ina jiran abin da za a ba ni in rubuta.

Mu uku ne a ofishin. Akwai shugaba, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, dattijo a majami'arsu, wanda kowa ke kira Baba. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, amma ba a taɓa kasa gane abin da yake nufi ba. Akwai kuma sakatariya, wadda ta girme ni sosai, nake ce mata Anti. Ita ce ta fara lura cewa ba na iya rubuta layi ba tare da na sa "wataƙila" ko "mai yiwuwa" a ciki ba. Ban musa ba. A ganina, mutum bai kamata ya faɗi abin da bai tabbatar ba, kuma ni abubuwan da na tabbatar ba su da yawa.

Ƙungiyar tana da hatimi guda, zagayayye, mai mariƙin katako da hannu ya baƙanta. A durowar Baba yake kwana, makullin kuma a aljihunsa. Ba a buga shi sai kwamiti ya zauna ya yanke magana. In za a buga, Baba da kansa zai buɗe durowar, ya danna shi a tawada, ya ɗora a takarda, ya ɗan jujjuya shi hagu da dama, ya ɗaga, sannan ya hura wa wurin iska don ya bushe. Mutanen rassa sun san haka tun kafin in zo. Takarda marar hatimi zance ce kawai, ana iya sauya ta gobe. Mai hatimi kuwa an gama.

Wata rana Baba ya tsaya a bayana ina karanta masa saƙon kamfani. Ya nuna ƙasan saƙon da yatsa, inda tambarinsu yake, kore da ruwan ɗorawa.

"Wannan fa? Kullum yana nan?"

Na ce e, a saiti ake sa shi, duk saƙon da suka aiko yana biyo shi da kansa.

"To namu me ya sa yana tafiya tsirara? Sa mana namu."

Na ce ba mu da tambari. Ya laluba aljihu ya fito da makulli.

Na tuna na ce wani abu kamar, "Baba, ina ganin kamar wataƙila zai fi kyau a ɗan yi tunani." Anti ta kwashe da dariya.

"Ka ji shi, Baba. Ko ruwa za ka ba shi sai ya ce wataƙila yana jin ƙishi."

Ni kaina a lokacin ban san takamaimai abin da ke damuna ba.

Aikin ya ci mana kusan wunin nan. Baba ya buga hatimin a farar takarda, ya sa hannu a kansa. Na ɗauki hoto da waya, sai inuwar hannuna ta faɗa a kai. Na fita baranda, iska ta riƙa ɗaga takardar, har sai da Anti ta danne gefenta da kofin shayi. Da na yanke hoton na loda shi a wurin sa hannu, ya fito ƙato, ya cika allon gaba ɗaya, sunan ƙungiya ya ɓace a ƙarƙashinsa. Na rage shi, ya koma kamar ƙwayar wake. Na dinga gwadawa ina tura wa kaina, ina dubawa a kwamfuta, ina dubawa a waya, har ya zauna daidai a ƙarƙashin muƙamin Baba, shuɗi, da ɗan karkacewar nan tasa. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Yawwa," ya ce. "Yanzu mun zama mutane."

Ya mayar da na katakon durowa ya kulle. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na ji daɗin aikina.

Lokacin girbin shinkafar rani ne, zafi ya kai maƙura, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa. Ran Litinin wani daga kamfani ya faɗa wa Baba a waya cewa suna iya tura mota Lau ran Alhamis, amma ba su tsayar ba tukuna. Baba yana hanyar fita gaisuwar rasuwa ya ce in sanar da reshen Lau su san da maganar. Na rubuta a tsanake. Na ce mai yiwuwa mota ta zo Alhamis, ba a tabbatar ba, wataƙila a ɗaga, za mu sake sanarwa. Na karanta, na sake karantawa, na tura.

Laraba da hantsi kamfani suka aiko cewa motar sai mako mai zuwa. Ina cikin tsara yadda zan sanar da Lau, sai waya ta yi ƙara. Shugabar matan reshen ce, tsohuwar malamar firamare, Bafulatana, da muke ce wa Goggo.

"Jam na, ɗana? Ka gaya wa Baba mun shirya. Tun jiya mata ke kwaso buhuna daga bakin kogi, duk suna bakin titi ƙarƙashin mangwaro. Ƙarfe nawa motar za ta iso?"

Na ce, "Goggo, ai na rubuta cewa ba a tabbatar ba."

"Na karanta, ai ni na koya wa yara karatu. Amma kai kullum haka kake rubutu. Ran da ka ce wataƙila a yi taro, an yi. Ran da ka ce mai yiwuwa taki ya iso, ya iso. Wannan karon kuma na ga hatimi a ƙasa. Na nuna wa mata a waya, suka ce to an gama. Hatimin Baba bai taɓa cewa wataƙila ba."

Na ajiye wayar. Na dai san cewa shinkafar mata da yawa tana bakin titi ba rufi, ba su da inda za su mayar da ita kusa, ga ruwan farko yana iya sauka kowane lokaci. In ta jiƙe, kamfani ba zai karɓa ba.

Da Baba ya shigo na faɗa masa komai, a jere, ba tare da na sa "wataƙila" ko ɗaya ba, abin da Anti ta ce ba ta taɓa ji ba. Ya ce in buɗe saƙon. Bai karanta rubutun ba sam, ƙasa ya duba. Hatimin yana nan, shuɗi, da sa hannunsa a kai.

"Ni ban buga wannan ba," ya ce a hankali.

"Shi yake buga kansa, Baba. Duk saƙon da ya fita."

"Har wanda ka tura a kawo mana tsintsiya?"

"Har shi."

Anti ta rufe baki da gyale. Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya taɓa aljihunsa inda makullin yake, kamar yana so ya tabbatar yana nan.

Na ce ko in kira Goggo in yi mata bayani, in ba ta haƙuri, su nemi tamfal su rufe zuwa mako mai zuwa. Ya girgiza kai.

"In ka gaya musu hatimi ya yi kuskure yau, gobe in na buga na gaske, za su ce bari mu jira mu gani. Hatimi ya ce Alhamis. Mota zai je Alhamis."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Bai dawo ba sai bayan la'asar, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya samo wani tsohon abokin aikinsa mai jigilar doya, wanda ya yarda ya ba da motarsa a kwaso shinkafar zuwa sitonmu, ta jira kamfani a ƙarƙashin rufi. Ni da Anti muka ƙarasa yammacin muna fitar da tsofaffin kujeru daga siton muna shara.

Da safe na bi motar zuwa Lau, ni da Baba a gaba kusa da direba. Duk hanya ina leƙa sama ta taga. Muka tarar da su yadda Goggo ta faɗa, buhuna jere a ƙarƙashin mangwaro, mata zaune a kansu suna hira, wasu na cin rogo. Ba wadda ta yi mamakin ganinmu, abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Sun ga mota, suka miƙe suka fara gyara ɗaurin zani. Goggo ce kawai ta dubi motar, ta dubi ragowar ƙasar doya a bayanta, ta dubi Baba.

"Wannan ba ta kamfani ba ce."

"Ta Alhamis ce," in ji Baba.

Ta yi murmushi ta yi masa godiya da Fillanci, "Useko," ba ta ƙara tambaya ba. Sai ta juyo kaina. "Kai kuma, ɗana, ka ci abinci kuwa? Ko wataƙila?"

Ruwa bai sauka ranar ba, duk tsoron da na ji. Sai Asabar da rana ya zo, mai ƙarfi, da iska, lokacin buhunan suna cikin sito.

Ran Juma'a Baba ya jawo kujera kusa da ni ya ce in nuna masa inda kwamfuta ke ajiye hatimin, da kuma makullinsa. Na ce ba shi da makulli irin wanda yake nufi, amma ana iya yin sa hannu iri biyu. Na yi ɗaya da sunan ƙungiya da muƙami kawai, na sa shi ya zama shi ne ke fita kullum. Mai hatimin na bar shi gefe, ba ya fitowa sai an zaɓo shi da hannu. Ya sa na gwada a gabansa har ya gamsu. Sannan ya kafa doka: ba na zaɓo mai hatimin sai kwamiti ya zauna, sai kuma yana tsaye a wurin, kuma shi zai danna turawa.

Haka muka yi har na bar ofishin. Sauran saƙonni na ci gaba da rubuta su yadda na saba, ko da yake Anti takan leƙo ta ce in cire rabin wataƙilan, in bar wa gobe saura. In kuwa ranar mai hatimi ce, nakan tashi in ba Baba kujerata. Zai karanta da tabarau, ya sa yatsa ɗaya ya danna da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, ya ɗan jujjuya yatsan hagu da dama. Wani lokaci yakan manta ya sunkuya ya hura wa allon iska. Ni da Anti ba mu taɓa ce masa komai a kai ba.