Wutar Murhun Nuala

In ana labarin Nuala Gaughan, to labarin wutar murhunta ake yi. Ranar da aka kawo ta gidan miji a wani ƙauye na yankin Mayo, can ƙasar Turawa, ta tarar da wutar tana ci, surukarta kuma ta ce ita ma haka ta tarar da ita. A kan wutar nan Nuala ta dafa dankalin da ta raini 'ya'yanta da shi, ta ɗumama wa 'yan maruƙa madara, ta busar da safar mijinta Colm in ya dawo daga yankan ƙasar fadamar da suke shanyawa su ƙona maimakon itace. Colm ya rasu, an sayar da shanu, yara sun watse birane. Wuta dai ba ta taɓa mutuwa ba.

Sai ƙugu ya ci amanarta. Likita ya ce sai an yi aiki, 'yarta Dervla ta zo da mota ta kai ta asibiti. Nuala ta ce ba za ta tafi ta bar wutar ba.

"Mama, wuta ce fa kawai. Ashana ta ƙare ne a duniya?"

Nuala ko kallonta ba ta yi ba. Ta sa aka kira maƙwabcinta Packie, tsohon da suka shekara da shekaru suna faɗa kan tumakinsa masu cinye mata kabeji. Ta kwashi garwashi a bokitin ƙarfe ta miƙa masa.

"In ka bari ta mutu, Packie, kar ka zo jana'izata."

"Da ma wa ya ce zan zo? Ba ni nan, uwar rigima."

Aiki ya yi kyau, amma ƙafa ta ƙi komawa yadda take. Dervla ta riƙe ta a gidanta na garin Castlebar, gida mai ɗumi ko'ina, babu murhu ko ɗaya. Nuala ta gane ita da gona sun rabu ke nan. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta dai faɗa wa kowa ba.

Wata Lahadi bayan coci sai ga Packie, hula a hannu, rigarsa na ƙamshin hayaƙi.

"Wutarki ta hana ni sakat, ko kasuwar tumaki ba na iya daɗewa. Yaushe za ki zo ki karɓi abarki?"

Nuala ta girgiza kai.

"Riƙe ta, Packie. Ta zama taka."

Tsohon ya juya fuska wajen taga yana gyaran murya.

"Ka dai rufe ta da toka kafin ka fito?" in ji ta.

"Na rufe."

"To shanye shayinka ka koma. Ba a barin ta ita kaɗai."