Mai Tare Iska

A bakin tashar Batsari nake ganinsa ranar kasuwa, dogon mutum mai furfura, sanye da koɗaɗɗiyar rigar tseren keke. Yana tuƙi a sunkuye, can sai ya kauce gefe, ya kaɗa gwiwar hannu, ya waiwaya. Babu kowa a bayansa.

Na tambayi Armaya'u mai faci, "Malam, wa yake ba hanya?"

Ya ce, "Ƙaninsa Nurain. Haka suka saba tsere: ya tare masa iska har dab da ƙarshe, sannan ya kauce, ƙanin ya fito da sauran ƙarfinsa ya ci. Ɓarayin daji sun kashe Nurain a hanyar Ruma bara. Allah Ya jiƙansa."

Ga shi can ya sake kaucewa. Ya rage gudu, yana jira a wuce shi.