Shirun da Na Yi a Gaban Alƙali

Edita, ina yi maka sallama kai da masu karatu. A shekarun da Ghana ta samu 'yancin kai, ni saurayi ne mai jini a jika. Ina sayen ganyen taba a hannun manoman ƙauyen Gbalahi, in shanya, in daka, in kai kasuwar Tamale. Iyayenmu sun rasu tun ina ƙarami, yayata ce ta riƙe ni da sana'ar koko da ƙosai a bakin hanya a unguwar Nyohini da ke Tamale. Gidan haya muke zaune, da ɗakin ajiya guda a zaure inda kowa ke zuba kayansa, ƙofar ko sakata babu.

Wata rana ina ƙauye 'yan sanda suka zo binciken gidan. Da na dawo na tarar suna jirana, sun fito da wani buhu sun ɗaure bakinsa. Buhun nawa ne, ga jan zaren da nake yi wa kayana alama da shi, amma suka ce wiwi ne a ciki. Ni dai taba na san na zuba. A ofishinsu suka yi ta dukana har kunnena na hagu ya daina ji, suna tambaya ko na san buhun. Da na gaji na ce na san shi. Wannan kalmar suka riƙe.

Ranar shari'a ba ni da lauya. Aka ɗora buhun a kan tebur, ɗan sanda ya maimaita abin da na faɗa. Alƙali ya yi magana da Turanci, tafinta ya juyo ya ce ana tambaya ko ina da magana a kan kayan nan. Wanda ya doke ni yana tsaye kusa yana kallona, ni kuma na ɗauka ladabi zai sa a tausaya mini. Na ce ba ni da magana. Ban faɗi cewa ba a gabana aka buɗe buhun ba, ban ambaci dukan ba. Aka yanke mini shekaru a gidan yari.

Yayata ba ta haƙura ba. Ta sayar da tukwanenta da murjanin da mahaifiyarmu ta bar mata, ta ɗauki lauya. Ya ce za a ɗaukaka ƙara, domin bai kamata a karɓi buhun da aka ɗauko a ɗakin kowa da kowa ba, haka ma maganar da aka samu da duka. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kuma ta ce ta ga wani ɗan haya, direban lori, yana taɓa buhunana kafin binciken, kuma tun ranar ya bar gari. Da Yaya ta zo ziyara fuskarta a sake, ta ce mini, "Ƙanena, yanzu ƙasar tamu ce, alƙalin ma ɗan ƙasa ne irinmu. Wannan karon za a ji ka."

Watanni muka yi muna jira. Ranar da aka zauna, tsohuwar ta ɗaura zanenta na salla ta zauna a bencin waje tun safe, ba a taɓa kiranta ba. Alƙalin bai yi tsawa ba, a natse ya yi bayani. Ya ce kotunsa ba sabuwar shari'a take yi ba, abin da ya gudana a kotun farko take dubawa. A can an tambaye ni na ce ba ni da magana, batun duka bai taso ba, shaidar tsohuwa kuma me ya hana a kawo ta tun farko? Ya kori ƙarar. Yaya ba ta jin Turanci, sai da ta ga an sake sa mini ankwa sannan ta gane.

Ta ci gaba da kawo mini abinci, tana ramewa ina gani, har ta daina zuwa. Wani gandiroba ne ya gaya mini rasuwarta, bayan an yi sadakar bakwai. Da na fito, manoman da suka san ni suka ƙi sayar mini da ganye, duk gidan da na nemi aure sai a ce ai mai wiwin nan ne. Yau na tsufa ni kaɗai a wani ɗaki a unguwar Kaladan.

Na yarda kowa da abin da Allah ya rubuta masa, amma ina roƙon duk wanda aka kai gaban shari'a kada tsoro ko kunya su rufe masa baki. Ka nemi mai tsaya maka tun ranar farko. Idan an doke ka, faɗi. Idan ba a gabanka aka yi bincike ba, faɗi. Idan ba ka gane tambaya ba, ka ce a maimaita. Ni na zo da tawa maganar a makare, kuma har yau ina maimaita ta, amma babu sauran wanda aikinsa ne ya saurare ni.